Me ake nufi da "daji marar hanya" a alƙaluman gwamnatin Amurka?

Tun ranar 23 ga Yunin 2025, da Sakatariyar Harkokin Noma ta Amurka, Brooke Rollins, ta sanar a taron gwamnonin jihohin yammacin ƙasar a birnin Santa Fe cewa gwamnati za ta soke dokar 2001 da ta hana gina sababbin hanyoyi a wasu sassan dazuzzukan tarayya, wata kalma ta Turanci, "roadless", ta kama bakin 'yan siyasa da masu sharhi. Idan aka juyo ta zuwa Hausa kai tsaye, sai ta zama "daji marar hanya". Abin da ke damuna shi ne, masu goyon bayan sokewar da masu adawa da ita duk suna furta kalmar kamar tana siffanta yadda dajin yake, alhali suna ne kawai na wani rukuni a cikin rajistar gwamnati.

Matsalar ta fi tsanani a kunnen Bahaushe, domin kalmar "hanya" a wurinmu tana da faɗi ƙwarai. Turbar da manomi ke bi zuwa gona hanya ce, burtalin da shanu ke ratsawa hanya ce, titin kwalta ma hanya ce. Wanda ya ji an ce daji ba shi da hanya, abin da zai zo masa a rai shi ne dokar daji, inda ko sawun mutum babu. Hukumar kula da dazuzzuka ta Amurka, wadda aka kafa a 1905 kuma take ƙarƙashin Ma'aikatar Noma, ba haka take nufi ba. A ƙa'idarta, hanya ita ce wadda abin hawa mai inji ke bi, kuma faɗinta ya wuce inci 50, wato kimanin santimita 127, sai fa idan an riga an rubuta ta a matsayin turba. Saboda haka yankin da aka kira marar hanya yana iya kasancewa cike da turbobin masu tafiya a ƙafa, da na mahaya dawaki, a wasu wuraren har da na babura. Dokar 2001 ba ta hana farauta ko kamun kifi ko kiwo a cikinsa ba. Abu biyu ta taƙaita: gina hanyar mota da sarar katako.

To, ko hanyar motar ma ba a rasa ta gaba ɗaya ba, kuma nan ne ya kamata mai karanta alƙaluman ya tsaya ya natsu. Asalin sunan ya fito ne daga ƙidayar da hukumar ta yi a shekarun 1970, wadda zagayenta na biyu ya kammala a 1979, inda aka zana taswirar manyan yankunan da a lokacin ba a fasa musu hanya ba, galibi masu faɗin eka 5,000 zuwa sama. Sunan ya manne wa waɗannan yankuna, amma aikin katako bai tsaya ba. Lokacin da gwamnatin Bill Clinton ta fitar da dokar a watan Janairun 2001, ta shafi eka miliyan 58.5, kusan kashi 30 cikin 100 na ƙasar da hukumar ke riƙe da ita, kuma ita kanta takardar dokar ta amince cewa a cikin shekaru ashirin da suka gabata an riga an gina hanyoyi a kimanin eka miliyan 2.8 na waɗannan yankuna. Ke nan mutum na iya zama cikin mota, a kan hanyar da gwamnati ta gina, a tsakiyar wurin da taswira ta ce ba shi da hanya, kuma babu wanda ya yi ƙarya. Dajin da aka haramta wa abin hawa mai inji ɗungurungum wani rukuni ne daban, wanda majalisar dokoki kaɗai ke ayyanawa a ƙarƙashin wata doka ta 1964.

Shi ma adadin eka miliyan 58.5 da ake ta maimaitawa ba shi ne abin da sokewar ta shafa ba. Jihar Idaho ta samu nata tsarin a 2008, Kolorado a 2012, don haka abin da ya rage kimanin eka miliyan 45 ne, kuma sama da miliyan 9 daga ciki suna dajin Tongas na Alaska, wanda aka cire daga dokar a 2020 aka mayar da shi a 2023.

Ɗaya ɓangaren ruɗanin yana wajen hanyoyin da ke cikin rajista. Za ka ji an ce hukumar tana da hanyoyi kimanin mil 370,000, sai mai sauraro ya ɗauka tituna ne da kowa zai iya bi. Hukumar ta kasa su mataki biyar gwargwadon kulawar da ake ba su. Mataki na 1 hanya ce da aka rufe wa motoci sama da shekara, aka ajiye ta don wata buƙata ta gaba, amma tana nan cikin lissafi. Mataki na 2, wanda ya fi kowanne yawa, sai mota mai tsayin ƙafa. Matakai na 3 zuwa 5 su ne ƙaramar mota ke iya bi, kuma ba su kai kashi ɗaya cikin huɗu na jimillar ba. Ban da waɗannan akwai hanyoyin da masu ababen hawa suka fasa da kansu ba da izini ba, waɗanda a wajajen 2001 aka ƙiyasta su da mil 60,000, kuma ba sa cikin rajistar.

A ganina, wanda ya fahimci wannan zai gane cewa dokar 2001 ta fi kama da shawarar mai gida da ya ga ɗakunan da ya gina suna yoyo, ya ce a dakata da ƙara wasu. A shekarar da aka kafa ta, aikin gyaran hanyoyin da ya taru wa hukumar ya kai dala biliyan 8.4. Hanyar daji da ba a kula da ita ba zama kawai take yi ba: kwalbati ya toshe, ruwan sama ya kwashe ƙasa ya zuba a rafi, laka ta binne tsakuwar da kifi ke zuba ƙwai a kai, ta kuma gurɓata ruwan da garuruwa ke sha. Hujjar da Rollins ta kawo ita ce gobarar daji, cewa rashin hanya na hana rage itatuwa da isar masu kashe wuta. Damuwa ce ta gaskiya, ban raina ta ba. Sai dai dokar tun farko ta ba da damar gina hanya idan gobara ko ambaliya na barazana ga rayuka da dukiya, ta kuma yarda a sare ƙananan itatuwa don rage haɗarin wuta, sannan mafi yawan gobarar daji a Amurka mutane ne ke haddasa ta, mutane kuwa hanya ce ke kai su cikin daji.

Wanda yake son sanin inda mota za ta iya shiga a wani daji, ba taswirar yankunan marasa hanya zai duba ba. Tun bayan dokar tsara zirga-zirga ta 2005, dazuzzukan tarayya suna fitar da wata taswira ta musamman da ke nuna hanyoyin da aka buɗe, da irin abin hawan da aka yarda wa kowace, da watannin da take buɗe. Hanyar da ba ta cikin wannan taswira, ko da ana ganinta ƙiri-ƙiri a ƙasa, shiga ta da mota laifi ne.