Aikin Gayyar Tsaftace Ƙauye: Tambayoyi da Amsoshi

Idan kowa ya share ƙofar gidansa, me ya rage wa 'yan sa-kai?

Wuraren da ba su da mai su. Kwatar da ta ratsa tsakanin gidaje, bakin rijiya, filin makaranta, kangon da aka mayar juji, hanyar shiga gari. A nan shara take taruwa, don kowa yana ganin aikin wani ne.

Sau nawa ya kamata a fito?

Da damina, duk mako. Sauro ne ya yanke wannan hukunci: daga ƙwai zuwa sauro mai cizo kwana 7 zuwa 14 ne kawai idan akwai zafi. Ƙuda ma bai wuce kwana 10 ba. Ke nan in sau ɗaya ake fitowa a wata, an ba su damar hayayyafa har sau biyu ko uku kafin a sake ɗaga shebur.

Kuma ba tulin shara kaɗai za a duba ba. A leƙa cikin tsohuwar taya da aka jingine a bango, ko gwangwanin da ruwan sama ya kwana a ciki, za a ga 'yan tsutsotsi suna wutsil-wutsil, suna nutsewa da zarar inuwa ta faɗa musu. Su ne sauron mako mai zuwa. A kife gwangwanin, a huda tayar, a cike ramin da aka haƙi ƙasar gini, domin sauron da ke kawo zazzaɓi ya fi son irin wannan kududdufi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa zazzaɓin cizon sauro ya kashe mutane kusan 597,000 a shekarar 2023, kashi 95 cikin ɗari a Afirka, mafi yawansu ƙananan yara. Ni a ganina mutum goma na sa'a guda duk mako sun fi mutum ɗari na wuni guda a shekara.

In an tara sharar, ina za a kai ta?

Wannan ya kamata a fara yankewa tun kafin a ɗauki tsintsiya. Sau da yawa akan yashe kwata, a jibge laka da leda a bakinta, ruwan farko ya mayar da komai ciki. An sha wahala, an koma gidan jiya.

A ware abin da ke ruɓewa, kamar ganye, ɓawo da kashin dabbobi, a yi taki da shi. Ƙarafa da robobi akwai masu saye. Sauran a binne a rami nesa da rijiya, aƙalla mita 30, a riƙa rufe shi da ƙasa. Leda da roba kada a cinna musu wuta: hayaƙinsu yana ɗauke da guba, kuma yara da masu asma ne suka fi jin jiki.

Waɗanne kaya ake buƙata?

Shebur, manjagara, baro da tsintsiya. Sai safar hannu mai kauri da rufaffen takalmi, saboda ƙusa mai tsatsa, fasasshiyar kwalba da tsofaffin allurai. Kada a bar yara su shiga kwata.

Me ya sa ake farawa da zafi, bayan wata biyu a watse?

Saboda ana barin nauyin a kan mutum biyar ko shida, su ne kullum, har maƙwabta su fara ɗaukar su tamkar ma'aikatan da aka ɗauka don kwashe musu shara. Babu abin da ke kashe gwiwa kamar ka share wuri da safe, da yamma ka tarar an sake zubawa.

Tara jama'a na rana ɗaya ba shi ne mai wuya ba. A Estoniya a 2008 mutane kusan 50,000 suka fito rana guda, kuma daga nan Ranar Tsaftace Duniya ta samo asali. Abin da ke da wuya shi ne ɗorewa. Ruwanda ta tsayar da Asabar ɗin ƙarshen kowane wata don aikin da suke kira Umuganda, ga 'yan shekara 18 zuwa 65, ta kuma haramta leda a 2008. Can doka ce ta tilasta, amma ƙauye zai iya ɗaukar tsayayyar ranar ba tare da cin tara ba. A raba gari layi-layi, kowane layi da mai kula da shi, a riƙa karɓa-karɓa, kayan aiki kuma a ajiye su a hannun mutum ɗaya da kowa ya yarda da shi.