Katnif da kyanwa: amsoshin da na gaji da maimaitawa

Tun da na fara shuka katnif, tsiron da ƙamshinsa ke jan kyanwoyi, a lambu ake ta jefo mini tambayoyi iri ɗaya. Don Allah a karanta wannan kafin a sake tambaya.

Kyanwata ta shinshina ta yi gaba abinta. Na jabu aka sayar mini?

Ba lallai ba. Son ƙamshinsa abin gado ne, kusan 1 cikin kowane kyanwoyi 3 ko a jikinsu. 'Yan ƙanana ma sai sun doshi wata 6 suke fara kula shi. A daina cusa musu a hanci, ba a dole.

To wai mene ne shi?

Ɗan'uwan na'a-na'a ne. Masana tsirrai na ce masa Nepeta cataria, asalinsa Turai da Asiya. Yakan kai kusan mita 1.

Birgima take yi tana dalalar da miyau. Guba ta ci?

Kwantar da hankalinka. Wani mai ne a ganyen, nefetalakton, ƙamshinsa ke sa ta goga kumatu, ta yi birgima, wani lokaci har da guje-guje. Minti 10 zuwa 15 ya sake ta, kuma ko ka sake ba ta, ba za ta kula ba sai an jima. Ba ya zama mata jaraba. In ta cika ciki da shi tana iya yin amai ko zawo. Zaki da damisa ma suna wannan birgimar.

Na dasa jiya, yau da safe babu ko ganye. Yaya zan yi?

Yauwa, wannan ce tambaya. Amsar kuwa ta danganta. Ƙamshin yana tashi sosai ne idan ganyen ya murje, kuma wajen dashe dole hannu ya murje shi. Shi ya sa wanda aka shuka da iri a wurinsa yakan fi tsira, don kyanwa takan wuce ba ta farga ba. Na ce yakan, ban ce kullum ba: mage ɗaya ta taka shi, asiri ya tonu, gobe muzurun maƙwabta ma ya san hanya.

In dashen ne ya zama dole, kifa masa keji na waya har sai saiwa ta kama ƙasa. Wanda ya leƙo ta ramukan waya su ci, gindin dai yana nan. Wasu suna kakkafa gajerun sanduna kewaye da shi don kyanwa ta rasa wurin kwanciya, domin kwanciyar ce ta fi kashe shi, ba cin ba. Dabarar tana aiki a kan wasu, wasu kuwa ture sandunan suke yi. Tukunyar da aka rataye ma tana taimakawa, amma ƙasarta saurin bushewa take yi, sai ka riƙa dubawa. Idan ya girma, ko an tattake shi yakan sake tohowa, don haka kada ka yi saurin tumɓuke shi. Kuma ka nisanta shi da sauran shukokinka, mai birgima ba ta zaɓen inda za ta faɗa.

Ruwa fa?

Kaɗan. Rana yake so, da ƙasar da ba ta riƙe ruwa. Inda ake tsananin zafi, a ba shi ɗan inuwa da la'asar. Yawancin waɗanda suka ce mini nasu ya mutu, da ruwa suka kashe shi.

Da gaske yana korar sauro?

Man cikinsa yana kora. A 2021 masu bincike a Japan sun nuna cewa kyanwar da ta gogi jikinta da irin wannan sinadari, sauro ya fi ƙyale ta. Amma tushe ɗaya a bakin taga ba zai maye maka gidan sauro ba.

Ya cika mini lambu!

Ai na sha faɗa. A yanke furen kafin ya zubar da iri. Abin da aka yanke a shanya a inuwa, a zuba a kwalba mai murfi, a ɓoye inda mage ba ta hawa.