Sake Shata Yankunan Shari'a a Jihohin Amurka: Tambayoyi da Amsoshi

A 'yan shekarun nan majalisun dokoki na wasu jihohin Amurka sun taɓa taswirar kotunansu, wasu sun raba yanki ɗaya gida biyu, wasu sun nemi haɗe yankuna da dama wuri guda. Daga nesa lamarin yana kama da aikin ofis da bai shafi kowa ba sai ma'aikatan kotu, amma duk inda aka tayar da maganar sai ta zama rigima. Dalili kuwa shi ne layin da ke kan taswirar shi ke nuna waɗanda za su zaɓi mai gabatar da ƙara.

Mene ne yankin shari'a, kuma me ya haɗa shi da ofishin mai gabatar da ƙara?

Kusan kowace jiha a Amurka an karkasa ta zuwa ƙananan yankunan mulki da ake kira kaunti, waɗanda za a iya kwatanta su da ƙananan hukumomi. Saboda wasu kauntocin ba su da jama'ar da za ta ɗauki nauyin babbar kotu ita kaɗai, jihohi da dama sukan tara kaunti biyu ko uku ko fiye su zama yankin shari'a guda, da alƙalansa da ma'aikatansa. A jihar Florida, misali, akwai kaunti 67 da aka tattara cikin yankuna 20. Yanki na uku ya ƙunshi kauntocin karkara har bakwai, alhali kauntin Miami-Dade ita kaɗai ce yanki na goma sha ɗaya.

A jihohi irin su Florida da Jojiya da Kolorado, kowane yankin shari'a yana da babban mai gabatar da ƙara guda ɗaya, kuma jama'ar yankin ne ke zaɓensa da ƙuri'a na tsawon shekara huɗu. A wasu jihohin kuma kowace kaunti tana da nata. Jimillar irin waɗannan ofisoshi a faɗin ƙasar ta haura 2,300. Jihohi kaɗan ne suka saɓa wa wannan tsari, kamar New Jersey inda gwamna ke naɗa masu gabatar da ƙara na kauntoci, da Delaware da Rhode Island inda ofishin babban lauyan jiha ke riƙe da aikin. Mai karatu daga Najeriya zai ga bambancin nan take, domin a Najeriya gwamna ne ke naɗa Antoni Janar na jiha, kuma sashe na 211 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba shi ikon shigar da ƙara, ko karɓe ta, ko janye ta. Babu wanda ke tsayawa takara don samun wannan iko, shi ya sa iyakar kotu ba ta ɗauke da nauyin siyasar da take ɗauke da shi a Amurka.

Me ya sa wannan kujera take da muhimmanci haka?

Saboda yawancin shari'o'in laifi a Amurka a kotunan jihohi ake yin su, ba a kotunan tarayya ba, kuma mai gabatar da ƙara shi ne ƙofar da kowace shari'a ke bi. 'Yan sanda su kama mutum, amma shi ke yanke shawarar ko za a tuhume shi, da wane laifi za a tuhume shi, ko za a nemi a hana shi beli, da kuma ko za a nemi hukuncin kisa a jihohin da ke da shi. Fiye da kashi 90 cikin ɗari na waɗanda ake samu da laifi ba sa kaiwa ga cikakken zaman shari'a. Ana daidaitawa ne tsakanin lauyoyi, wanda ake tuhuma ya amsa laifi a kan a sassauta masa. A irin wannan ciniki wuƙa da nama suna hannun mai gabatar da ƙara, alƙali kuwa sau da yawa amincewa kawai yake yi da abin da aka kawo masa. Ke nan mutum biyu da suka aikata laifi iri ɗaya a garuruwa maƙwabta za su iya samun sakamako mabambanci ƙwarai, don kawai layin yanki ya ratsa tsakaninsu.

Waɗanne dalilai ake bayarwa idan za a sake shata iyakokin?

Dalili mafi ƙarfi shi ne ƙaruwar jama'a, kuma dalili ne na gaskiya da bai kamata a raina ba. Taswirar Florida ta yankuna 20 tana nan yadda take tun 1969, lokacin da mutanen jihar ba su kai miliyan 7 ba, alhali ƙidayar 2020 ta nuna sun haura miliyan 21. Inda gonaki suka zama unguwanni, ƙararraki sukan taru a gaban alƙalai ƙalilan, mutum ya daɗe a tsare yana jiran ranar shari'arsa. Ana kuma kawo batun kuɗi, wato idan aka haɗe ƙananan ofisoshi za a rage shugabanni da na'urori da gine-gine. Masu neman a raba yanki su ma da batun kuɗin suke zuwa, suna cewa harajinsu yana tafiya wajen shari'o'in wata kaunti.

Jihar Kolorado ta nuna yadda ake yin wannan aiki cikin natsuwa. Yankinta na 18 ya yi girman da ya wuce misali, don haka a 2020 majalisa ta zartar da dokar cire kauntocin Douglas da Elbert da Lincoln su zama yanki na 23, a bar Arapahoe ita kaɗai. Dokar ba ta fara aiki ba sai Janairun 2025, bayan jama'ar sabon yankin sun zaɓi nasu mai gabatar da ƙara a Nuwamban 2024. Abu biyu ne suka kare wannan sauyi daga zargi. Kundin tsarin mulkin jihar ya shar'anta cewa sai kashi biyu cikin uku na kowane zauren majalisa sun amince kafin a taɓa iyakar yankin shari'a, wanda hakan ke tilasta jam'iyyu su fahimci juna. Sannan an bar tazarar kusan shekara biyar, ta yadda babu wanda aka zaɓa sannan aka zare masa yanki yana kan kujera.

To a ina rigimar take tasowa?

Tana tasowa ne inda sauyin ya zo daf da bayan zaɓe. Misalin da ya fi fitowa fili shi ne na birnin Augusta a jihar Jojiya. Yankin shari'ar ya daɗe yana ƙunshe da kauntoci uku, wato Richmond da Burke da Columbia. A Nuwamban 2020 Jared Williams, ɗan jam'iyyar Democrat, ya kayar da mai riƙe da kujerar, Natalie Paine ta jam'iyyar Republican, ya zama baƙar fata na farko da ya riƙe ofishin. Cikin 'yan makonni shugabannin kauntin Columbia, wadda yawancin mutanenta farar fata ne masu zaɓen Republican, suka nemi a ware musu nasu yankin. Majalisa ta amince, Gwamna Brian Kemp ya sa hannu a Maris na 2021, kuma ya naɗa wa sabon yankin mai gabatar da ƙara. An kai maganar kotu, amma a 2022 Kotun Ƙolin jihar ta bar dokar a tsaye.

Masu goyon bayan rabuwar sun ce Columbia ta bunƙasa, mutanenta sun haura 150,000, kuma za ta fi samun sauƙin kuɗi idan ta tsaya da ƙafarta. Wannan magana tana da nata gaskiyar. Amma a ganina ba ta amsa tambayar da ta fi damun mutane ba, wato me ya sa bunƙasar da aka shekara da shekaru ana gani ba ta zama abin gaggawa ba sai da sakamakon zaɓe ya fito. Mutumin da ya yi layi ya jefa ƙuri'a yana da haƙƙin a bar wanda ya ci ya yi wa'adinsa a kan yankin da aka zaɓe shi a kai. Idan aka zare masa babban sashe na yankin bayan watanni kaɗan, an sauya sakamakon zaɓen ne ta bayan fage, ko da takardun sun cika ƙa'ida.

Yaya aka ƙare a Florida?

A Yunin 2023 kakakin majalisar wakilan jihar, Paul Renner, ya rubuta wa Kotun Ƙolin Florida yana neman a duba yiwuwar haɗe wasu yankunan. Tsarin jihar ya tanadi cewa Kotun Ƙoli ce ke tabbatar wa majalisa ko akwai buƙatar ƙara yankuna ko rage su, don haka kotun ta kafa kwamiti ƙarƙashin alƙali Jonathan Gerber. Lokacin da buƙatar ta zo ne ya jawo mata shakku. A Agustan 2022 Gwamna Ron DeSantis ya dakatar da Andrew Warren, zaɓaɓɓen mai gabatar da ƙara na yankin Tampa, sannan a Agustan 2023, kwamitin na cikin aikinsa, ya dakatar da Monique Worrell ta yankin Orlando. Dukansu 'yan Democrat ne. Mutane da yawa sun fahimci cewa idan aka haɗe babban birni da kauntocin karkara da ke kewaye da shi, ƙuri'un birnin za su narke a cikin na karkara.

Abin lura shi ne adawar ba ta tsaya ga jam'iyya ɗaya ba. Masu gabatar da ƙara da lauyoyin da gwamnati ke biya don kare marasa hali da shugabannin 'yan sandan kauntoci, har da 'yan Republican, sun fito sun ƙi. Mutanen kauntin Monroe, wato jerin tsibiran da ke ƙarshen kudancin jihar, sun fi kowa ɗaga murya, don gudun kada a haɗe yankinsu da na Miami-Dade. Su ba su kai 90,000 ba, maƙwabciyarsu Miami-Dade kuwa tana da mutum kusan miliyan 2.7, kuma daga Key West zuwa Miami tafiyar fiye da kilomita 250 ce a mota. Rayuwarsu ta dogara ga teku, kuma suna tsoron cewa ofishin da ke fama da shari'o'in kisan kai na babban birni ba zai ba laifin kamun kifi ba bisa ƙa'ida muhimmancin da su suke ba shi ba. A Nuwamban 2023 kwamitin ya yanke baki ɗaya cewa babu buƙatar haɗewa, kuma a Disamba Kotun Ƙoli ta tsaya a kan haka. A zaɓen 2024 mutanen Orlando sun mayar da Worrell kan kujerarta, mutanen Tampa kuwa ba su mayar da Warren ba. Kowane yanki ya yanke wa kansa hukunci, abin da ba zai yiwu ba da an haɗe su da wasu.

Shin doka ba ta hana a shata yanki don a raunana ƙuri'ar wasu ba?

Ta hana, amma kariyar tana da iyaka. A 1991, a shari'ar Chisom da Roemer da ta taso daga jihar Louisiana, Kotun Ƙolin Amurka ta yanke cewa Dokar 'Yancin Zaɓe ta 1965 ta shafi zaɓen alƙalai, don haka ba a yarda a tsara shi ta yadda zai dusashe ƙuri'ar baƙar fata ba. Sai dai tun 1973 kotun ta amince cewa ƙa'idar nan ta daidaita yawan jama'a tsakanin mazaɓu ba ta hau kan zaɓen alƙalai ba, saboda alƙali ba wakilin jama'a ba ne irin ɗan majalisa. Wannan ya ba majalisun jihohi sarari mai faɗi, kuma wanda ya kai ƙara shi ke da nauyin kawo hujja a gaban kotu, alhali majalisar kullum tana da dalilin kuɗi ko na yawan aiki a hannunta.

Akwai wata hanya da ake bi ba tare da an taɓa taswira ba?

Akwai, kuma jihar Misisipi ta bi ta a 2023. Majalisa ta kafa sabuwar kotu a wani sashe na Jackson, babban birnin jihar, inda fiye da kashi 80 cikin ɗari na mazauna baƙar fata ne, aka ba Babban Jojin jiha ikon naɗa alƙalinta, aka ba babban lauyan jiha ikon naɗa masu gabatar da ƙararta. Dokar ta kuma so a naɗa ƙarin alƙalai huɗu a babbar kotun kauntin Hinds, wadda Jackson ke cikinta, ba tare da zaɓe ba. A Satumban shekarar Kotun Ƙolin jihar ta soke batun alƙalan huɗu saboda kundin jihar ya ce zaɓensu ake yi, amma ta bar sabuwar kotun. Masu dokar sun kafa hujja da yawan kashe-kashe da cunkoson ƙararraki a birnin, matsalolin da mazauna Jackson su kansu suka fi kowa sanin zafinsu.

Ta yaya mai bibiyar labari zai gane gyara na gaskiya?

Abu na farko da zan duba shi ne ranar da dokar za ta fara aiki, ko tana jiran ƙarshen wa'adin waɗanda ke kan kujera ko kuwa tana yanke shi. Bayan haka sai a tambaya ko an fitar da ƙididdigar yawan ƙararraki da nauyin aikin kowane alƙali kafin a zana layin, ko kuwa an zana layin ne sannan aka shiga neman hujja. Ya kamata kuma a saurari waɗanda ba su da kujerar da za su rasa, irin su lauyoyin marasa hali, da iyalan waɗanda aka zalunta, da shaidun da za su bar aikin yini su yi tafiya mai nisa zuwa ofishin lauyan gwamnati. Kolorado ta jira kusan shekara biyar kafin sabon yankinta ya fara aiki, Florida ta saurari jama'a ta fasa, Jojiya kuwa ta kammala nata rabon cikin shekarar da sabon mai gabatar da ƙara ya kama aiki.