Hayar a-kori-kura don jan jirgin ruwa a Amurka: abin da doka ta ce da abin da takardar haya ta ce

Duk shekara da zarar ƙanƙara ta narke a tabkunan Minesota, wajen ƙarshen Afrilu zuwa farkon Mayu, sai maganar nan ta sake tasowa a tsakanin 'yan uwanmu da ke zaune a nan. Mutum ya samu ƙaramin jirgin kamun kifi na hannu da araha, ko kuma sun haɗa kuɗi su uku sun saya, to yanzu da me za a ja shi zuwa bakin ruwa? Yawancinmu Corolla ko Camry muke hawa, motar zuwa aiki da kai yara makaranta, ba a yi ta don jan kaya ba. Sai ka ji wani yana cewa bari kawai ya ci bashi ya sayi a-kori-kura. Ni dai kullum shawarata ɗaya ce, in ba sana'a kake yi da ita ba kar ka saya, ka yi haya. Jihar nan tana da tabkuna sama da 11,000 amma lokacin shiga ruwan bai fi wata biyar ba, kai kuma da kake aiki Litinin zuwa Juma'a da ƙyar ka fita sau shida ko bakwai a shekara, to don fita bakwai za ka ɗauki biyan wata-wata da inshora da man da motar take sha har tsawon wata goma sha biyu? Bai kamata ba gaskiya.

Amma fa hayar tana da ƙa'idojinta, kuma nan ne mutane suke shiga matsala ba tare da sun sani ba. Abu uku ne suke hawa kanka a ranar da ka ɗaura jirgi a bayan motar haya: dokar hanya ta jihar da kake, da yarjejeniyar da ka sa wa hannu a ofishin haya, da kuma inshora. Kowanne hanyarsa daban, kana iya cika ɗaya ka karya ɗayan.

Bari in fara da yarjejeniyar don ita ce ta fi cin mutane. Manyan kamfanonin hayar mota irin waɗanda ake gani a filin jirgin sama, a takardarsu ta hayar mota ta yau da kullum an hana ka ja komai da motar, ko da kuwa babbar jif suka ba ka, ko da kuwa ka leƙa bayanta ka ga ƙarfen ɗaura tirela, wato ƙaramar amalanken da ake ɗora jirgi a kai. Ganin ƙarfen ba izini ba ne. Ɗan sanda ba zai tsayar da kai don wannan ba, ba laifin hanya ba ne, amma ranar da wani abu ya faru, ko giya ta ƙone ko an buge ka ta baya, kamfanin zai ce ka saɓa yarjejeniya, kuma kariyar nan da ka biya ƙarin kuɗi a kanta ta rushe ke nan, gyaran ya dawo wuyanka. Na taɓa raka wani ɗan uwa, mutumin Damagaram ne, wani ofishin haya ranar Juma'a da yamma, ya riga ya biya ta intanet an miƙo masa makulli, har mun juya za mu fita sai ya ce wa matar da ke aiki a ofishin, dama gobe jirgi zan ja da ita. Matar ta ajiye biro ta juyo da takardar ta sa yatsa a kan wani layi mai ƙananan rubutu a shafi na biyu. A mota ya ce mini, wallahi Malam da ban faɗa ba da na tafi da ita haka nan. Na ce masa ai gara da Allah ya sa ka faɗa, yanzu mu je inda aka yarda.

Kuma akwai inda aka yarda ɗin. Kamfanin U-Haul suna ba da hayar a-kori-kura mai ƙarfen ja a baya, kuma iyakar abin da suka ce ta ja shi ne laba 6,000, wato kilo 2,700 da 'yan kai. Farashin dala 19.95 ɗin nan da ake rubutawa a jikin motocinsu na hayar cikin gari ne kuma ban da kuɗin kowace mil da ka yi, saboda haka in tabkin da za ka yana kusa kamar Minnetonka abin da sauƙi, in kuwa Mille Lacs ka nufa, tafiyar kusan mil ɗari daga Miniyapolis, ka zauna ka yi lissafin zuwa da dawowa tukuna. Enterprise kuma suna da reshe daban na manyan motoci, ba wanda ke ba da ƙananan motoci ba, can ne ake samun manyan a-kori-kura da aka yarda a ja kaya da su, da ƙarin kuɗin ja. Ko ina ka je dai ka buɗe baki ka ce jirgi zan ja, nauyinsa kaza, kuma ka ga an rubuta izinin a takarda, maganar baki ta ma'aikaci ba za ta tsaya maka ba in an zo rigima.

Wani abu kuma da mu musamman muke sakaci da shi: wanda sunansa ke kan takardar shi kaɗai ne zai tuƙa. Mun saba da cewa in direba ya gaji sai ya ce wa na gefe karɓi tuƙin nan in ɗan huta, kuma al'ada ce mai kyau ta 'yan uwantaka, amma a motar haya in ba a sa sunan ɗan uwan naka a takarda ba to daga lokacin da ya zauna a kujerar an saɓa yarjejeniya. Ku je tare ku nuna lasisinku ku biyu, minti biyar ne.

Yanzu dokar hanya. Tambayar farko da kowa ke yi, shin sai na yi lasisin manyan motoci? Ga yawancinmu amsar a'a ce. Ma'aunin tarayya na lasisin manyan motoci, wato CDL ajin A, yana farawa ne idan jimillar nauyin da aka ƙayyade wa mota da tirela ya kai laba 26,001, kuma tirelar ita kaɗai ta haura laba 10,000. Jirgin kamun kifi na iyali ko kusa bai je nan ba, lasisinka na kullum ya wadatar. Kuma in na ce tirela ba irin wadda muka sani mai ɗaukar siminti nake nufi ba, ƙaramar amalanke ce ta ƙarfe mai taya biyu ko huɗu da jirgin yake kwanciya a kai.

Inda dokar ta fi shafarmu shi ne burki. A Minesota tirelar da nauyinta da kayanta ya kai laba 3,000 dole ta kasance da burkinta na kanta, kuma jihohi da dama a wannan adadin suke, amma ba duka ba, Tekzas misali nasu 4,500 ne. Kuma dokar jihar da tayoyinka suke takawa ita ke aiki a kanka, ba ta jihar da ka fito ba. Abin da ke ruɗar mutane shi ne nauyin da aka rubuta a takardar jirgi galibi na gangar jikinsa ne kawai. A ce jirgi ne na alminiyam mai tsawon ƙafa 17, gangar jiki laba 1,300, to ka ƙara inji wajen 350, ka ƙara fetur galan 25 kowane galan laba shida da wani abu, ga batura biyu, ga anga da kular ƙanƙara da kayan kamun kifi da rigunan ruwa, sannan ita kanta tirelar a ce 700, kafin ka ankara ka doshi 3,000. In kuwa jirgin faiba ne mai ƙafa 21 da tirela mai taya huɗu, sai ka ga ya haura 5,000 cikin sauƙi, ka ga ya matso iyakar 6,000 ɗin can, ga mutanen da ke cikin mota da nasu nauyin. Kar ka yi kirdado. Manyan gidajen man da direbobin manyan motoci suke tsayawa suna da sikelin auna mota, kuɗi kaɗan ne, ka hau sau ɗaya ka karɓi takardar ka ajiye ta, duk ranar da ka je haya da ita za ka yi magana. A jikin ƙofar direba kuma akwai sitika da ta faɗi iya nauyin da motar kanta za ta ɗauka, mutane da kaya da nauyin da wuyan tirela yake dannawa a bayanta.

Faɗi ma yana da iyaka, ƙafa 8 da rabi, wato inci 102, abin da ya wuce haka sai da takardar izini ta musamman daga hukumar sufuri ta jiha. Ƙananan jirage ba sa kaiwa. Sai sarƙoƙin tsaro guda biyu, a gicciye su a ƙarƙashin wuyan tirela yadda in ta kuɓuce za ta faɗa kansu ba ta soki kwalta ba. Sai fitilu, na burki da sigina da na dare, duk dole su kama. Tirelar kuma tana da rajistarta daban da ta jirgin, kuma waɗannan duka a wuyanka suke ba a wuyan mai motar haya ba, shi mota kawai ya ba ka. In ka tsallaka zuwa Kalifoniya kuwa, duk mai jan tirela ba ya wuce mil 55 a awa ko da allo ya nuna 70, kuma a layukan dama zai tsaya.

Akwai ƙananan abubuwa biyu da suke ɓata wa mutum Asabar ɗinsa gaba ɗaya. Ƙwallon ƙarfen da tirela take zama a kai girma uku ne aka fi amfani da su, inci 1 da 7/8, inci 2, da inci 2 da 5/16, kuma girman da tirelarka take so an buga shi a jikin bakinta. In ka ɗora baki mai inci 2 a kan ƙwallo mai 1 da 7/8 zai zauna kamar ya kama, ka ja shi ya biyo ka, sai ka faɗa rami a babbar hanya ya yi tsalle ya fita, wannan abu ne mai kashe mutane ba wasa ba. Na biyu filogin wuta, akwai mai baki huɗu, mai biyar, da zagayayye mai bakwai. Tirelolin jirgi masu burki da yawa mai biyar suke amfani da shi, waya ta biyar ɗin ita ce take sakin burki in ka sa ribas, in babu ita sai ka ga kana son komawa baya tirela ta cije ta ƙi motsi, ga layin mutane a bayanka suna jira. Ka ɗauki hoton filoginka a waya ka je da shi, adafta ba ta da tsada. Ka kuma tambaya ko motar tayoyinta huɗu duk suna ja, don gangaren da ake sauke jirgi yakan yi gansakuka, a-kori-kura mai ja da baya kawai kuma babu kaya a bodinta tana iya tsayawa tana juya taya a wuri ɗaya.

Maganar inshora, nan mu 'yan Minesota muna da wata gata da mutane da yawa ba su san da ita ba. Dokar jihar, sashe na 65B.49, ta wajabta cewa inshorar motarka ta kanka ta ɗauki ɓarnar da ta samu motar da ka yi haya, har da a-kori-kura da motocin kaya da nauyin rajistarsu bai wuce laba 26,000 ba, kuma kariyar ba za ta gaza dala 35,000 ba. To amma ka lura, motar haya ta rufe, ba jirginka ba. Haka ma kariyar da kamfanin haya yake sayar maka, motarsu take karewa. Jirgi da tirela in suka kife, sai dai in kana da inshorar jirgi daban. Masu dogaro da katin banki kuma su duba sosai, katuna da yawa sun cire manyan motocin kaya daga cikin abin da suke rufewa. Sabuwar a-kori-kura kuma tana iya fin 35,000 nesa ba kusa ba, shi ya sa nake cewa ka kira wakilin inshorarka tun ranar Laraba, ka gaya masa ainihin abin da za ka yi, ka ce ya turo maka amsar ta imel.

Doka ta ƙarshe ba ta mota ba ce amma a kan hanya ake kama mutane da ita. Akwai wasu ƙananan halittu masu ɓawo kamar katantanwa, jikinsu da zane irin na jakin dawa, da suka shigo Manyan Tabkunan da ke kan iyakar Amurka da Kanada a ƙarshen shekarun 1980 ta cikin ruwan da manyan jiragen dakon kaya suke zubarwa, suna manne wa komai suna toshe bututu suna lalata tabki, kuma a jikin ƙananan jirage da ɗan ruwan da ya rage a cikinsu suke tafiya daga wannan tabki zuwa wancan. Shi ya sa a Minesota laifi ne ka hau titi da jirgi alhali marfin magudanarsa yana toshe, dole ka cire shi ruwan ya tsiyaye, ka tsince duk ciyawar ruwan da ta maƙale a tirela da farfelar inji, ka zubar da ruwan ma'ajiyar kifi kafin ka bar bakin tabki. Jami'an DNR, wato hukumar kula da albarkatun ƙasa ta jiha, da masu duba jirage suna tsayawa a wuraren sauke jirgi, kuma ana cin tara. Mai motar haya ya fi kowa saurin faɗawa wannan tarkon, don yana duba agogo yana so ya mayar da mota kafin a ƙara masa kuɗin wata rana, ga shi sai ya kai jirgi gida ya kwance ya zuba mai. Ka ware wa wannan rabin awa tun a lissafinka na safe. Ni marfin nawa ina ɗaure shi ne da igiya a jikin makullin injin jirgin, yadda ba yadda za a yi in tayar da inji a fita ta gaba ban ga cewa ban mayar da shi ba.