Mene ne "sharhi" a bakin masu nazarin Littafi Mai Tsarki?

In ka zauna da ɗaliban makarantar tauhidi a Bukuru ko Kagoro, ba za a daɗe ba wani zai tambaye ka: "Sharhin wa kake amfani da shi?" Ba sharhin labarai na rediyo yake nufi ba. A nan, sharhi littafi ne da wani masani ya rubuta yana bin Nassi sura sura, aya aya, yana bayyana ma'ana: wa ya rubuta, wa aka rubuta wa, me kalmar take nufi a Ibrananci ko Helenanci, wace al'ada ce a bayan maganar. Kusan aikin da tafsiri yake yi wa Alƙur'ani ke nan, sai dai Kiristoci Hausawa sun fi cewa sharhi.

Kada a haɗa shi da juyi. Juyi shi ne Nassin kansa da aka mayar wani harshe, kamar Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito cikakke a 1932, aikin da Dokta Walter Miller ya yi fice a kansa. Sharhi kuwa maganar mutum ce a kan Nassin. Mutum kuma yana da zamaninsa, da ɗariƙarsa, da inda idonsa bai kai ba.

Ga misali. A Markus sura 2, mutum huɗu sun ɗauko shanyayye, taro ya hana su shiga, sai suka buɗe rufin ɗaki suka zura shi gaban Yesu. Yaron da ya tashi a gidan kwano zai yi mamaki: ta yaya? Sharhi zai gaya masa cewa gidajen Galili rufinsu shimfiɗaɗɗe ne, itace aka jera, aka ɗora rassa, aka yaɓe da ƙasa, ga matakala ta waje. Wanda ya san soro da azara ba ya bukatar dogon bayani, har ƙurar da ta zubo wa mutanen ciki yana gani. Marubucin Turai sai ya cika shafi kafin ya kai inda tsohuwa a Wusasa take tun farko.

Shi ya sa nake ganin sharhin da aka rubuta don Afirka, wato Africa Bible Commentary, ya cancanci wuri a teburin kowane mai wa'azi. Ya fito da Turanci a 2006, masana 70 daga nahiyar suka rubuta shi ƙarƙashin jagorancin marigayi Tokunboh Adeyemo, daga baya aka fassara shi zuwa wasu harsuna, har da Hausa. Kundi ɗaya ne, don haka ba ya zurfi a kowace aya, amma yana taɓo abin da ake kawo wa fasto ƙofar gida: gadon gwauruwa, maita, auren mace fiye da ɗaya.

Sai tsohon da ba ya tsufa, sharhin Matthew Henry. Fasto ne a garin Chester na Ingila, ya rasu a 1714 bayan ya kai ƙarshen Ayyukan Manzanni, abokan aikinsa suka ƙarasa daga Romawa zuwa Wahayin Yahaya. Yana ratsa zuciya, kyauta kuma ake samunsa a waya, abin da ya sa ya cika ko'ina. Amma shekara 300 ba wasa ba ce. An tono abubuwa da yawa game da tsofaffin rubuce-rubuce da ƙasar Falasɗinu bayan mutuwarsa. Don ibadar safe, madalla. Don warware gardama a kan kalmar Helenanci, a nemi na baya-bayan nan.

Akwai wasu kayan aikin da ake yawan kira sharhi alhali ba shi ba ne. Littafin neman ayoyi na James Strong, na 1890, ba ya bayani. Yana nuna maka duk inda kalma ta fito ne, da lambar da ke kai ka ga asalinta. Ƙamus na Littafi Mai Tsarki kuma batu batu yake bi, ba aya aya ba.

To wanne za a zaɓa? Ya danganta da tambayar da ke hannunka. Malamar zumuntar mata mai shirin darasin Talata kundi ɗaya ya ishe ta. Ɗalibi mai rubutu a kan Romawa yana bukatar biyu ko uku, zai fi kyau ma waɗanda ba su yarda da juna ba, musamman a kan baftisma ko ƙarshen zamani, inda ɗariƙar marubuci take leƙowa.

Abin da ke damuna shi ne daren Asabar. Mai wa'azi ya buɗe sharhi kafin ya buɗe Nassi, ya kwafe shafi biyu, gobe ya hau bagade da misalin ƙanƙara da tumakin Ingila, jama'a kuma manoman dawa ne da suka tako daga bayan rafi.