Blues Na Hamada: Sunan Da Aka Laƙaba Wa Jitar Agadas

Duk mai bibiyar labarin mawaƙan Nijar a intanet ya saba cin karo da wani suna da jaridun Turai da Amurka ke laƙaba musu. Ko Bombino ne ya hau dandamali a Faransa, ko Mdou Moctar a Amurka, abin da za a rubuta washegari shi ne sun zo da "desert blues", wato blues na hamada. Sunan ya bi bakin jama'a har ya fara shiga hirar matasanmu, alhali masu kiɗan ba su suka raɗa wa kansu shi ba.

Blues dai kiɗan baƙar fatar Amurka ne. Ya tsiro a jihohin kudu wajen ƙarshen ƙarni na 19, bayan an soke bauta a 1865, musamman a yankin noman auduga na Misisipi. A can 'ya'yan bayi da jikokinsu suka ci gaba da noma gonakin Turawa ana raba amfani, kuma kusan kowace kaka manomi yakan tashi da bashi a wuyansa. A bakinsu kalmar tana nufin ƙuncin zuciya, irin wanda ke zama wa mutum ya ƙi tafiya. Tsarin waƙar ba shi da wuyar ganewa: mawaƙi ya faɗi magana, ya maimaita ta, sannan ya kawo ta uku da za ta warware zancen, jita kuwa tana karɓa masa a tsakani kamar yadda 'yan amshi ke karɓa wa makaɗi. Zancen bai wuce na rabuwa da masoyi, da rashin kuɗi, da ambaliya, da jirgin ƙasan da ya tafi da wani arewa ba.

Abin da ake yawan mantawa shi ne wannan kiɗan na ƙunci don rawa ake yin sa. Daren Asabar ma'aikatan gona sukan taru a wasu 'yan gidajen katako a bakin gonaki, a soya kifi, a yi ta casu har asuba, kuma mai jita yana can a kusurwa yana neman na abinci. Wanda bai iya tayar da mutane daga kan benci ba, ba za a sake kiransa ba. Da mawaƙin blues Muddy Waters ya bar Misisipi ya koma Shikago a 1943, hayaniyar gidajen rawan birni ce ta shanye muryar jitarsa, dole ya koma ga mai amfani da lantarki, kuma daga wannan larurar aka samu salon da ya cika duniya daga baya. A zamanin wariyar launin fata, makaɗa baƙaƙe suna da jerin wuraren da aka yarda su yi wasa, gari bayan gari, suna kwana a mota. B.B. King ya yi wasa sau 342 a cikin shekarar 1956 kaɗai. Faifai yakan zo ne daga baya, bayan mutum ya riga ya yi suna a garinsu da garuruwan da ke kewaye.

To, me ya haɗa wannan da Sahara? Mutumin da aka fara jingina wa zancen shi ne Ali Farka Touré na Niafunke a Mali, wanda ya rasu a 2006. Da Turawa suka ji faifansa sai suka ce ai ga John Lee Hooker na Afirka, suna kwatanta shi da wani fitaccen mawaƙin blues na Amurka. Shi kuwa bai taɓa yarda cewa aro ya yi ba. Matsayinsa shi ne kiɗan Songhai da na Fulani da ya tashi a ciki ya girmi na Amurka, kuma abin da yake yi da jita shi ne abin da ya fara koya a kan kayan kiɗan gida masu tsirkiya ɗaya. Masana sun ba shi gaskiya a wani ɓangare. Gerhard Kubik, masanin kiɗan Afirka, ya nuna cewa jan murya da karkata ta, da mawaƙi guda yana raka kansa da abin kiɗa mai tsirkiya, halaye ne na ƙasashen da ke kudu da Sahara, waɗanda masana ke kira Sudan ta yamma da ta tsakiya, yankin da ƙasar Hausa ke ciki. Wanda ya tashi yana jin gurmi da garaya da kuntigi ba zai ji tsohon blues baƙo a kunnensa ba. Sai dai kamanni ba ya nufin abu ɗaya ne, domin blues a Amurka aka haife shi, wahalar can ce ta raine shi.

Jitar Abzinawa kuma tarihinta daban. Farin da aka yi a farkon shekarun 1970, da wanda ya biyo baya a tsakiyar shekarun 1980, ya kashe dabbobi ya watsa makiyaya. Samari suka bazu Aljeriya da Libiya neman aikin ƙarfi, ba takarda, ba sana'a tsayayya, har aka yi musu laƙabi da ishumar, wato marasa aikin yi. A cikinsu ne Ibrahim ag Alhabib, wanda aka kashe mahaifinsa a boren Kidal ta arewacin Mali na 1963 yana ɗan yaro, ya haɗu da abokansa a Tamanrasset ta Aljeriya a 1979, suka kafa abin da ya zama ƙungiyar kiɗa ta Tinariwen. Wasunsu sun shiga sansanonin horon soja na Gaddafi. Waƙoƙinsu a kaset suke yawo, wannan ya kwafa ya miƙa wa wancan, daga Kidal har Abzin, babu kamfani babu kanti. A ɓangaren Nijar, Abdallah Oumbadougou ne ya riƙe wannan tuta a lokacin tawayen Abzinawa da ya ɓarke a 1990. Su kansu sunan da suke kiran abin da shi shi ne assouf, kalmar Tamashek, harshen Abzinawa, mai ɗauke da kewa da begen gida da kaɗaicin daji. A yau kuwa yawancin mutanen Agadas ba sa wahalar da kansu, jita kawai suke cewa, kowa ya gane.

Da aka sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya a Nijar ranar 24 ga Afrilun 1995, jita ta fito daga ɓoye ta sami sabon aiki, wato biki. A nan ne, a ganina, ainihin labarin yake. A Agadas aure ko suna ba ya cika sai an ɗauko masu jita. Da la'asar sakaliya ake shimfiɗa tabarmi a fili ko a bakin titin unguwa, a tayar da janareto, a jera sifiku waɗanda ƙura ta riga ta ci rabinsu. Jama'a su yi da'ira, mata a gefe guda sun sha ado, maza a ɗaya gefen da rawunansu. Masu rawa su fito tsakiya 'yan kaɗan-kaɗan, su taka, su koma, wasu su fito. Jita ɗaya tana riƙe da zaren kiɗan tana maimaita shi, ɗaya tana hawa tana sauka a kansa, mai ganguna yana ƙara wuta a hankali. Idan guɗa ta tashi aka fara liƙi, makaɗi ya san ya kama hanya, ba zai saki wannan waƙar ba sai masu rawa sun gaji. Idan fili ya yi sanyi, tilas ya sauya nan take. Bugun ma ba na Misisipi ba ne, ya fi kusa da tende, gangar da matan Abzinawa ke haɗawa da turmi da fatar akuya suna tafi suna rera waƙa.

Babu ƙungiyar da ta fi nuna wannan hanya kamar Etran de L'Aïr, wato taurarin Abzin. 'Yan'uwa ne na jini, wa da ƙane da ɗan baffa, 'yan unguwar Abalane da ke kusa da babban masallacin Agadas mai doguwar hasumiyar ƙasa. Iyayensu makiyaya ne da fari ya koro cikin gari a shekarun 1970. Sun fara a 1995, lokacin da jagoransu na yanzu, Moussa Ibra da ake kira Abindi, yake ɗan shekara tara. Jita ɗaya gare su, marar lantarki, gangarsu kuma ƙwarya ce da ake bugu da takalmi. Ba su da uban gida, ba su da wani a Turai. Bukukuwan talakawa suka riƙa bi, kuma duk wanda ya gayyace su suna zuwa, Ba'abzine ne ko Bahaushe, Batube ko Bazabarme. Wannan ne ya sa kiɗansu ya fi na magabatansu faɗi da fara'a: Agadas gari ne da Hausa ke haɗa kowa a kasuwa, kuma mai son a sake kiransa dole ya san abin da ke motsa kowane taro, har da salon jitar Kwango da ya daɗe yana zagaya Afirka. Faifansu na farko bai fito ba sai 2018, a hannun Sahel Sounds, wani ƙaramin kamfani na Christopher Kirkley da ke Portland a Amurka. Shekara 23 ke nan suna aiki kafin wani a waje ya ji su. Na biyu ya fito a 2022, daga nan ƙofar yawon wasa a Turai da Amurka ta buɗe. Abin da ya burge masu kallo a can, wato yadda jitocinsu ke saƙa da juna ba tare da wani ya kalli wani ba, a filayen bikin Agadas aka gina shi.

Mdou Moctar ma ta biki ya bi, ko da yake waya ta taimake shi. Jitarsa ta farko da hannunsa ya haɗa ta, da wayar birkin keke. A Sakkwato ya ɗauki waƙoƙinsa na farko a 2008, da irin gyaran muryar kwamfuta da waƙoƙin finafinan Hausa suka yi tashe da shi a lokacin, suka yi ta yawo daga memori zuwa memori ta Bluetooth har suka kai Mali da Muritaniya, da yawa ba su ma san sunan mai su ba.

Ban ce sunan blues na hamada bai yi amfani ba. Ya ba mai sayar da faifai a Landan wurin da zai ajiye kayan, ya ba baƙo ƙofar shiga, kuma ta wannan ƙofar Tinariwen suka ɗauki kyautar Grammy a 2012, Bombino kuma ya zama ɗan Nijar na farko da aka sa cikin masu takararta. Abin da ke damuna shi ne yadda sunan ke tattara Songhai da Abzinawa da Larabawan Muritaniya a buhu ɗaya, ya kuma sa mai sauraro ya zaci kiɗan reshe ne na wani abu na Amurka. Yana kuma rufe wahalar da ke bayan sana'ar. A tawayen 2007 an kashe biyu daga cikin abokan kiɗan Bombino, shi kansa sai da ya yi gudun hijira zuwa Burkina Faso, bai dawo ya yi wasa a gindin masallacin Agadas ba sai 2010. Bikin kiɗan hamada na Mali, wanda ya fara a 2001 ya kuma fito da ƙungiyoyi da dama, ya tsaya bayan na 2012 saboda yaƙin arewacin ƙasar. Ko waɗanda suka samu fita waje, abincinsu yana rataye ne a kan biza da tikitin jirgi. Lokacin da sojoji suka karɓi mulki a Yamai ranar 26 ga Yulin 2023 aka rufe iyakoki, Mdou Moctar da abokansa suna tsakiyar yawon wasa a Amurka, suka maƙale a can, sai da masoyansu suka yi karo-karo a intanet aka samu na masauki da abinci kafin hanyar gida ta buɗe.