Ƙaramar libarba ba ta ɗan koyo ba ce

A Amurka an daɗe ana cewa ƙaramar libarba marar nauyi ita ta dace da wanda bai saba riƙe bindiga ba, musamman mata da tsofaffi. Irin wannan libarbar ce Chiefs Special mai cin harsashi 5, wadda kamfanin Smith & Wesson ya fito da ita a 1950. Amma maganar cewa ta dace da ɗan koyo, ba haka abin yake ba.

Nauyin bindiga shi ke shanye ƙarfin tokarin da take yi baya. Samfurin 642 na wannan kamfanin, mai jikin alminiyam, bai kai rabin kilo ba, don haka duk girgizar harsashin .38 Special tafin hannu ne ke karɓarta. Ga kunamarta da tauri, sai an ja da ƙarfin da ya ninka nauyin bindigar sau da yawa, tsawon bakin kuwa bai kai santimita 5 ba. Yatsa na ja, saiti na kaucewa. Ɗan koyo ya yi 'yan harbe-harbe hannu ya ɗau zafi, ya fara runtse ido tun kafin ta tashi, daga nan ya daina zuwa atisaye.

Masu sonta dai suna da hujja: tana shiga aljihu, kuma ba ta cika sarƙewa ba.